Yadda ake canza gujon ɗin taya idan ya karye

Gujon shi ne ƙarfen nan mai zare da ke fitowa daga moyo, wato ƙarfen tsakiya da ke juyawa tare da taya, gujon ne ake zura janti, ƙarfen da taya ke kansa, a kansa sannan a ɗaure da noti. Mota ƙarama tana da huɗu ko biyar a kowace ƙafa, Hilux mai 4x4 shida. Da yawa nan Maradi mutum zai ga guda ya karye ya ce ai saura huɗu, su ma sun isa, ya ɗora buhunan gero ko na wake ya kama hanyar Ɗan Issa. To nauyin da biyar ke rabawa yanzu huɗu ke ɗauka, kuma ba daidai suke ɗauka ba, biyun da ke maƙwabtaka da wanda ya karye su ke shan wahala, su ne za su bi bayansa. Idan motar mai huɗu ce kamar Starlet ko tsohuwar Corolla to abin ya fi muni. Aikin canzawa kuwa bai da wuya, wanda ya iya canza taya da filaket, wato abin da ke matse diskin birki, zai iya shi cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka idan komai bai yi tsatsa ba.

Kafin komai ka duba ko motarka ma gujon gare ta. Golf, Mercedes, BMW, Opel da Peugeot irin 206 da 406 bulon suke amfani da shi wanda ke shiga cikin moyo, wannan wani aiki ne daban. Abin da zan bayyana na Toyota ne da Nissan, Honda, Mazda, Mitsubishi, Hyundai, Kia da makamantansu.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Sabon gujon, da noti sabo na taya, da wani noti na daban mai ɓulallen kai wanda zarensa ya yi daidai, shi za ka ja gujon da shi sannan ka yar. Wosha masu kauri uku ko huɗu waɗanda gujon ke ratsawa ba tare da sun kama shi ba, idan babu ka nemi babban noti wanda ya fi gujon faɗi ya tsaya a madadinsu. Kirik, da abin tokare mota, wato shandel ko gungumen icce mai ƙarfi. Kile na taya, galibin Toyota mai lamba 21 ne, Honda 19. Kile ko soket 12, 14 da 17 domin birki. Guduma mai nauyi kamar kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da tsohon bulon ko guntun ƙarfe da bai kai gujon kauri ba. Buroshin ƙarfe, waya ko igiya mai ƙarfi, ɗan giris, tsumma, WD-40 ko gazuwal idan babu. Dogon ƙarfe na riƙe moyo. Idan za ka iya aron kile mai awon ɗauri, wanda ke yin ƙas idan ya kai, to ka ara dan Allah.

Wajen sayen gujon nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Abu uku za su yi daidai da tsohon: zare, tsawo, da kaurin wuyan nan mai haƙora wanda ke cizon ramin moyo. Toyota, Honda, Mazda, Mitsubishi, Hyundai da Kia galibi M12 ne, wato kaurin milimita 12, mai tazarar zare milimita 1.5, Nissan da Suzuki da Subaru kuwa M12 mai 1.25, a ido kamar ɗaya suke amma noti ba ya hawa, zai yi zagaye biyu ya cije. Manyan Land Cruiser masu gujon biyar M14 ne. Kuma ko zare ya yi daidai wuyan na iya bambanta, na Toyota ya fi na Honda kauri da kusan milimita biyu, ka ga na Honda zai yi ta yawo a ramin Toyota, na Toyota kuma ba zai shiga na Honda ba. Shi ya sa ni shawarata kullum ka fara fidda karyayyen, ka sa shi aljihu tare da noti guda mai lafiya, ka hau kabu-kabu ka je wajen masu kayan mota a gwada gabanka. Ka tabbata noti yana tafiya da yatsu har ƙarshe. Na gaba da na baya ma wani lokaci tsawonsu ba ɗaya ba ne. Idan ba ka samu sabo ba, na tsohuwar mota irin taka daga wajen masu kwance motoci ya fi bulon na kasuwa sau nawa, muddin zarensa bai miƙe ba kuma haƙoran wuyan suna nan da kaifinsu.

1. Wajen aiki da tsaida mota

Ka nemi ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya. Garinmu rairayi ne, kirik yana nutsewa a hankali ba ka sani ba, saboda haka ka shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashinsa da ƙarƙashin shandel. Ka sa duwatsu ko icce gaba da bayan tayoyin da za su zauna ƙasa. Idan ƙafar gaba ce ka ja birkin hannu. Idan ta baya ce birkin hannu dole a sake shi don tambur, wato birki mai kamar kwano, ko diski ya fita, to nan duwatsun gaba su ne tsaronka, ka sa giya ta ɗaya, mai otomatik ka sa P.

2. Sassauta noti, ɗaga mota

Tun taya na ƙasa ka sassauta sauran noti, rabin zagaye kawai. Sannan ka ɗaga a wurin da kamfani ya tanada, ka sauke nauyin a kan shandel ko gungume. Kar ka tokare da bulon siminti na gini, yana fashewa lokaci guda ba gargaɗi, kuma za ka yi bugu da guduma wanda ke girgiza mota. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin mota ta kwanta kusa da inda kake aiki, ko da wani abu ya zame ita za ta tare.

Wasu manyan motocin kaya irin Canter da Dyna, ɓangaren hagu zarensu juyayye ne, za ka ga harafin L a kan gujon. Idan ka ga noti ya ƙi ka duba wannan kafin ka ƙara ƙarfi.

3. Ka dubi sauran kafin ka ci gaba

Nan fa ka ɗan zauna. Ka dubi bakin da ya karye. Idan rabinsa ya yi duhu ko tsatsa, santsi, sauran rabin kuma fari ne mai ƙyalli da kaushi, to tsagewar ta daɗe tana ci a hankali, galibi noti ne ya zauna sako-sako taya na motsi a kai. Idan duka fari ne fes kuma wajen ya sirance kamar an ja shi, to ɗauri ne ya yi yawa anka murɗe shi. Sai ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya da noti mai lafiya, da yatsu kawai. Duk wanda noti ya cije a tsakiyarsa ko ka ga zarensa ya buɗe a wuri guda, ya miƙe, ya gama aiki. Idan biyu sunka karye a ƙafa ɗaya ni ba na tsayawa zaɓe, duka nake canzawa, don abin da ya kashe biyun nan ya taɓa sauran.

Ka dubi ramukan janti su ma. Idan sun zama kamar ƙwai maimakon zagaye, ko ka ga garin ƙarfe da jan tsatsa na zubowa daga bakinsu, jantin nan zai sake karya sabon da ka sa.

4. Cire birki

Mai diski: ka juya sitiyari yadda bayan etiriye zai fuskance ka, etiriye shi ne wanda ke rungume da filaket. Akwai manyan bulon biyu a baya da ke riƙe da mazauninsa, a Corolla 17 ne. Ka kwance su, ka zare shi gaba ɗaya daga kan diski, idan ya ƙi ka ɗan tura filaket baya da sukurdireba a hankali. Ka rataye shi da waya a jikin sifirin, kar ka bari ya reto a tiyon man birki, tiyon yana lalacewa daga ciki ba ka gani. Kuma ka gaya wa yara kar kowa ya taka birki yanzu, fistan zai fito waje.

Diski yakan fito da hannu. Idan ya manne, ka duba fuskarsa akwai ƙananan ramuka biyu masu zare a yawancin motocin Japan, ka sa bulon M8 a kowane ka riƙa ɗaurewa bi da bi, zai turo kansa waje da ƙara ɗaya. Honda kuma tana da sukurori biyu da ke riƙe diski, sai an fara cire su. Idan babu ramuka ka fesa gazuwal a tsakiya ka buga tsakanin gujon da gujon, ba wajen da filaket ke kamawa ba.

Mai tambur: ka saki birkin hannu ka ja, ramukan M8 ɗin nan galibi suna nan su ma. Ƙurar da ke ciki kar ka hura da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Takalman birki da sifirin ɗinsu ba sai ka taɓa su ba.

Wasu tsoffin Hilux da Land Cruiser masu 4x4, diskin gaba a bayan moyo yake, dole sai an fidda moyo gaba ɗaya da boris ɗinsa, wato ƙwallayen ƙarfen da moyo ke juyawa a kansu. Idan ka ga haka kuma ba ka taɓa saita boris ba, ka kai gareji, ba abin kunya ba ne.

5. Fidda karyayyen

Gujon ta baya yake fita. Ka mayar da giya fri idan ƙafar da ke jan mota ce, ka juya moyo da hannu kana leƙa baya har karyayyen ya zo daidai inda babu abin da ya tare shi, galibi wajen da etiriye yake zaune nan ne fili. Ka fesa mai a wuyan ka ba shi minti biyar. Sai ka ɗora tsohon bulon a kan guntun ka buga, bugu mai nauyi a miƙe, biyu ko uku su wadatar. Abin da ba a so shi ne a yi ta dukan moyo sau talatin, kowane bugu a kan boris yake sauka, bayan wata biyu ka fara jin ƙugi a ƙafar ka rasa dalili. Idan akwai mai taimaka maka ya dafa wani ƙarfe mai nauyi a bayan moyo kusa da gujon, ya shanye bugun.

Hanyar da ta fi kyau ma ba bugu, idan kana da abin cire rotil, gaɓar nan ta ƙafar mota, irin mai matsewa da bulon, ko babban kilam na matse ƙarfe, ka sa soket mai faɗi a bayan kan gujon ka matse daga gaba, zai faɗa cikin soket ɗin. Ka kula da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa wajen birki, idan motar na da ita, tana nan kusa a baya. Kuma kar a kawo wutar gas wajen nan, zafi yana narkar da giris na boris da robarsa.

6. Tsabtace rami

Buroshin ƙarfe gaba da baya, musamman bayan moyo inda kan gujon zai zauna, ƙwayar yashi ɗaya na iya hana shi kwanciya. Ka leƙa cikin ramin, ya kamata ka ga sawun haƙoran tsohon. Idan ramin ya yi sumul ya faɗaɗa, ko ka ga tsaga daga rami zuwa baki, moyo ne za a canza.

7. Shigar da sabon

Ta baya, a wurin nan da tsohon ya fita. Sabon ya fi guntun tsawo don haka wani lokaci zai ƙi samun hanya, ka juya moyo kaɗan kaɗan kana gwada kwana daban daban. Idan faifan gwangwanin nan mai tare ƙura ne ya hana, ka lanƙwasa shi kaɗan da hannu daga baya ka mayar. Wasu na goge gefe ɗaya na kan gujon da magagari don ya wuce, ɗan kaɗan a gefen baki ba laifi, amma idan sai ka cinye kashi ɗaya cikin uku na kan to bari, a sassauta moyo ya fi. Idan ya shiga ka juya shi da yatsu har ka ji haƙoransa sun faɗa sawun tsoffin, ka tura iya ƙarfin babban yatsa.

8. Jan shi ya zauna

Wanga mataki shi ne aikin duka. Ka zura wosha a gujon daga gaba, ka shafa giris a tsakaninsu da fuskar noti don su riƙa zamewa. Ka ɗauki notin nan na yarwa ka sa shi a juye, gefen da yake shimfiɗe ya kalli wosha, don gefen mai tsini zai nutse ya ɓata su. Noti mai rufaffen kai ba ya wannan aiki, gujon zai tokare ƙarshensa ka zaci ya zauna alhali da saura.

Moyo zai so juyawa. Ka mayar da noti a kan gujon biyu masu lafiya don kare zarensu, ka gitta dogon ƙarfe tsakaninsu ƙarshensa ya tokari ƙasa. Sai ka fara ɗaurewa da hannu, zagaye ɗaya ka leƙa baya, zagaye ɗaya ka leƙa, za ka ga tazarar da ke tsakanin kan gujon da bayan moyo tana rufewa. Ka tabbata a miƙe yake shiga, idan ya karkace ka buga shi baya ka sake. Lokacin da ya zauna hannunka zai ji, kile zai yi nauyi farat ɗaya, to ka tsaya nan. Ka haska da fitilar waya, ka gwada zura takarda ƙarƙashin kan ta kowane gefe, idan takarda ta shiga bai zauna ba. Wanda bai zauna sarai ba zai ƙarasa zama a kan hanya, yana zama noti ya yi sako-sako, kai kuma kana tsammanin ka ɗaure, ka koma gidan jiya.

Idan ka ga gujon ɗin kansa yana juyawa tare da noti, wuyan ya yi wa ramin kaɗan ko ramin ya cinye. Nan ne za a ce maka kawo a ɗiga masa walda a baya. Kar ka yarda. Gujon ƙarfe ne da anka gasa ya yi tauri, galibi mai daraja 10.9, wutar walda tana kashe wannan taurin ya koma mai saurin tsagewa, ga zafin da ke shiga boris, ga shi ranar da ya sake karyewa ba ya fita. Haka ma sa bulon na kasuwa mai lamba 4.8 ko marar lamba a madadinsa, wallahi wannan wasa da rayukan fasinja ne.

Bindigar iska ma ban so a wannan mataki, tana iya miƙar da sabon gujon tun bai taɓa kwalta ba.

9. Mayar da birki

Ka cire noti da wosha, ka wanke giris daga zare da fuskar moyo da ɗan esansi a tsumma, ya bushe. Ka goge fuskar moyo da buroshi don diski ya kwanta daidai, idan datti ya shiga tsakani birki zai riƙa rawa a ƙafarka. Ka mayar da diski ko tambur, ka mayar da etiriye, manyan bulon biyun nan ka ɗaure su sosai. Ka duba tiyon birki bai murɗe ba. Idan yatsunka masu mai sun taɓa fuskar diski ka goge.

10. Taya da ɗauri

Ka ɗora taya, ka fara kowane noti da yatsu, zagaye uku huɗu kafin kile ya taɓa shi. Gefen mai tsini ya kalli janti. Jantin aluminiyam na Toyota kuwa notinsa daban ne, mai wosha a jiki da dogon wuya, kar ka haɗa shi da na jantin ƙarfe. Noti ya samu aƙalla zagaye takwas a kan M12 mai 1.5, ƙasa da haka gujon ya yi gajarta. Ba a sa giris ko baƙin mai a zaren taya, na san ana yi don gudun tsatsar damina, amma mai yana sa ka wuce awo ba ka ji ba.

Ka ɗan matse tun tana sama, ka sauke mota, sannan ka ɗaure a giciye, wannan sai na gabansa can, mai biyar kuma kana tsallake ɗaya kamar zanen tauraro, ka zagaya sau biyu. Da Nm ake auna ƙarfin ɗauri, awon Corolla 103 Nm ne, yawancin Honda 108, manyan motoci ka duba littafinsu. Idan babu kile mai awo ga lissafi: 103 Nm kamar nauyin kilo 35 ne a ƙarshen kile mai tsawon santimita 30, wato ƙarfin hannu biyu na babban mutum ba tare da ya yi tsalle ba. Yanzu ka duba abin da ake yi a bakin tasha, a zura tiyon ƙarfe mai tsawon mita guda, saurayi mai kilo 70 ya hau ya tsaya a ƙarshensa, wannan ya kusa 690 Nm, ya fi ninki shida, kuma mai mota na tsaye yana jin daɗi wai an ɗaure masa da kyau. Yawancin gujon da nake canzawa nan sunka samu ciwonsu. Masu faci mutanenmu ne kuma suna ƙoƙari, amma idan an gama maka faci ka karɓi kile ka ɗaure da kanka ko ka tsaya a kai ka ce ban da tiyo.

11. Kafin ka tashi, da bayan ka tashi

Ka taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri tun mota na tsaye, takun farko zai iya tafiya har ƙasa saboda filaket ɗin da ka tura baya. Ka kwashe duwatsu, ka zagaya unguwa a hankali gilashi a buɗe kana saurare, idan ka ji ƙarar gogar gwangwani to faifan nan da ka lanƙwasa ne ke taɓa diski, ka tura shi baya.

Bayan kilomita 50 ka tsaya ka sake bin notin ƙafar duka da kile, kamar idan ka kama hanyar Gidan Rumji ka tsaya can ka duba, idan hanyar latarit ce mai kwazazzabai ma tun kafin nan. Idan sabon ya karɓi ɗan ɗauri kaɗan ba komai, ka sake dubawa bayan wasu 50 ɗin. Idan karo na biyu ma ya karɓa, to ko bai zauna ba ko yana miƙewa, ka cire taya ka koma mataki na 8, idan kan ya zauna daram amma yana ci gaba da saki ka fidda shi ka sa wani.